Ɗanye Kan Ɗanye: Shekarar da Muka Gina Makarantar Coci

Bana ma ga shi azuminmu ya faɗo cikin na Musulmi. In ka fita bakin titin kwastan da rana, kowa leɓe a bushe, direbobi sun shige ƙarƙashin manyan motocinsu sun miƙe, ba mai son a ce mashi sannu. Zafin nan da ke tasowa daga ƙasa ya shiga ta tafin ƙafa, na san shi tun ina yarinya. Shi ya taso mani da maganar nan, shi da wani ɗan littafi.

Ranar Lahadi bayan Mas aka raba littafin, wai tarihin cocinmu da makarantarta, saboda bikin da za a yi. Jikata Sisiliya ta karɓo mani. Ta ce, "Kaka, in karanta maki?" Na ce ba ni nan, idona bai mutu ba. Kwana biyu ina bin shi da yatsa. A shafi na uku aka ce Fada na farko ya gina ajin farko cikin rani guda, da taimakon masu bi. Layi biyu, shi ke nan.

Ba haka aka yi ba. Sau biyu aka gina ajin nan, kuma ni Marta, da aka fi sani da Lami ɗiyar Nomau, ina wurin duka biyun da tulu a kaina. Na tare shugaban kwamitin bikin na faɗa mashi. Ya ce, "Mama, wannan ba zai yi daɗin ji ba ranar biki." Na ce ni ma bai yi mani daɗi ba, kuma ni aka yi ma. To ga shi, ku karanta ko ku bari.

Lokacin Turawa na shirin tafiya. Cocinmu rumfar zana ce bayan ofishin kwastan. Masu zuwa ba su da yawa: akawuna da 'yan kasuwa mutanen kudu, sai mu, gidajen Maguzawa kaɗan daga wajen Daddara da suka karɓi baftisma. Fada Bature ne, sau ɗaya a wata yake zuwa bisa babur, fuska ja kamar gauta. Wanda ke zaune da mu kullum shi ne Katikis Bitrus, mai koya mana addini, mutumin kudancin Zariya. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Gaggawa ce ta yi mashi yawa, in yana tafiya kamar an biyo shi.

Ni ina tallan gyaɗa a bakin shinge, inda ake tsayar da jakuna da kamyo, manyan motocin kaya, masu zuwa daga Maraɗi. Nan na ga abin da ya hana ni sakat. Matar wani akawu, Madam Rosa muke ce mata, ta zauna bakin ƙofarta da wasiƙa a hannu, ba kowa kusa da ita, sai ta fashe da dariya har tana share hawaye. Na duba hagu na duba dama, ba wanda ya yi mata magana. Na ce a raina, me ke cikin takarda da zai sa mutum dariya shi kaɗai? Tun ranar nake son in sani.

Ranar Larabar Toka, da muka fara azumi, Fada ya yi sanarwa, Katikis na fassara. En'e, hukumar sarki, ta yarda a buɗe makaranta, amma sai an ga ɗaki na gini, ba zana ba. In an gama, za a kawo malami bayan Ista. Duk gidan da ya ba da hannu, za a ɗauki yaro ɗaya. Har mata. Sai Katikis ya yi gyaran murya ya ce, "Amma mace sai wadda ba ta fara ƙirgar dangi ba." Mata suka sa dariya. Wai manyan, kafin su iya komai an yi masu aure, an ɓata kujera. Na sunkuya na duba ƙirjina. Shafe yake kamar faifai. Na ce to, na samu.

Baba ya ce shi ba ya da hannun ba Fada. Ba laifinsa ba ne. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke lokacin da hatsi ke cikin fure, in ya shiga rumbu sai ka ji muryarsa daga can ƙasa. Ga sharar gona, ga kai taki, ga itacen da yake sarowa ya kai gari don mu samu abin sa wa a baki. Inna kuma na goyon ƙanwata.

Na ce, "Baba, ni zan yi na gidanmu."

Ya ce, "Ruwan gida fa, wa zai ɗebo?"

"Ni. Shi zan fara."

Ya dube ni ya ce, "Wuyanki ne."

Aikin mata shi ne ruwa, kuma ruwa a bazarar Jibiya ba famfo ba ne. Yanzu yaran nan in mai kura ya makara sai su hau tsaki. Mu da asuba muke sauka gulbi, gulbin kuma ba ko ɗigo, rairayi ne fari har iya ganinka. Ki durƙusa ki tona da ƙoƙo har hannunki ya nutse zuwa hammata, ki zauna ki jira ruwa ya tsattsafo, ki kwalfa a hankali kada yashi ya rufto. Tulun farko na gida. Na biyu ma na gida. Daga nan sai na gini, a je a dawo, a je a dawo, har rana ta take. Kafin hantsi rairayin ya zama wuta. Ba takalmi. Gudu muke daga inuwar wannan gawo zuwa ta wancan, tulu na tangaɗi, ruwan da ya zubo a baya kafin ki isa ya bushe.

Abinci kuwa, kunun dusa da tsamiya da rana, da yamma tuwo ɗan mitsitsi da miyar kuka, wani lokaci ko daddawa babu. Goriba muke gwaigwaya a hanya don baki ya samu aiki. Da Katikis ya tuna mana cewa ba a cin nama ranar Jumma'a, Inna ta ce, "Ka gaya ma Fada ya kwantar da hankalinsa, mu tun kaka muke cikin azumin nan nasa."

Magini aka ɗauko daga cikin gari, Musulmi, Baba Mati. Ɗan gajeren tsoho, hannuwa kamar itace, magana kuwa sai ka roƙa. Shi ya sa aka haƙo ƙasa daga kududdufi, da nisa, bisa jakuna. Aka kwaɓa ta da ciyawar ramno da kashin doki, maza suka tattake, ya ce a bari ta tsima. Bayan kwana biyu a ƙara ruwa a sake tattakewa, a sake bari. Wari kamar me. Sannan aka mulmula tubali da hannu aka jera a rana. Wannan kaɗai ya ci mana makonni. Ranar da za a fara aza bango, a daren jiyanta aka ga watan azumin Musulmi.

To nan ne muka yi wautar.

Baba Mati zai zo da sassafe, ya hau bango ya zauna kamar bisa doki, ana jefa mashi tubali yana cafewa. Ya yi layi uku ya zagaye ɗakin. Da hantsi sai ya sauko, ya wanke hannu, ya sa hularsa, ya kama hanya. Kwana ɗaya, biyu, uku. Ran na huɗu Katikis ya sha gabansa.

"Malam Mati, rana ko tsaka ba ta kai ba."

"Na gani. Ba makaho ba ne ni."

"To ina za ka?"

"Gida. Bango ya ƙoshi na yau."

"Kai dai ka ce azumi ya kama ka. Mu ma ai azumin muke, ga mu tsaye."

Baba Mati ya dubi butar da ke hannun Katikis. Ya ce, "Azumin da ake kurɓa ruwa? Bitrus, ko da tuwo a bakina, uku nake yi in sauka. Haka na taras."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Har yau ina jin haushinsa shi ma. Da ya buɗe baki ya ce, ku mutanen nan, ɗanyen gini ba ya ɗaukar nauyin ɗanye, sai na ƙasa ya sha rana ya yi ƙarfi, da wataƙila wani ya ji. Amma shi a ganinsa wanda bai san wannan ba bai isa a yi mashi bayani ba. Mu kuma duk muka tsaya a kan cewa yunwa ce ke sauko da shi. Har ni. Ni ma na fi kowa, don ni ke son a gama. Ya zo wucewa na ce, "Baba Mati, halan tsufa ne?"

Ya ce, "Ke 'yar Nomau, da wuya kamar na zabuwa. Kai ruwanki ki ajiye."

Da Fada ya zo, bango na iya ƙugu. Ya tsaya ya ƙirga kwanakin da suka rage da yatsunsa, fuskarsa ta ƙara ja. Ya ce shi dai ranar Ista yake son ya sa ma ɗakin albarka. Katikis ya ce za a yi. Aka ce ma Baba Mati daga gobe sai la'asar zai sauka. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "To ku ɗora. Ƙasa dai ba ta jin Turanci." Bai sake zuwa ba.

Sai aka kira gayya. Kai, in kun ga mutanen nan! Akawu ya tuɓe rigarsa, direba ya hau bango, 'yan kasuwa na jefa tubali, aka samo mai kalangu yana zuga su. Tun safe har rana ta faɗi ana azawa. Kwana biyu tubalin Baba Mati ya ƙare. Kududdufi ya yi nisa, tsima kuma ba lokaci, sai aka haƙa nan gefen ginin, ƙasar jigawa mai yashi. A kwaɓa yanzu, a mulmula yanzu, a aza yanzu. Ɗanye kan ɗanye. Ruwan da ake nema ya ninka. Ramukanmu na gulbi suka fara ƙin kawowa, muka matsa can gaba. Gashin tsakar kaina, inda gammo ke zama, ya zube tas, wurin ya yi sulɓi. In na kwanta sai in ji tulun na nan a kaina. Ban yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ina ganin bango na tashi ina jin kamar ni ke tashi.

Baba ya biyo ta wurin wata rana da jakinsa, ya danna bangon da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya ja jakinsa ya wuce. Sai da ya zo gida, ya zauna gaban tuwo, ya ce, "Ko rumbu ba a yi mashi haka."

Inna ta ce, "To ka faɗa masu mana."

Ya ce, "Ni in koya ma mai karatu?"

Kun ji. Wanda ya sani na farko ya yi fushi ya tafi, na biyu ya faɗa ma tuwo.

Kafin Babbar Jumma'a, ta gab da Ista, an jera azara, an shimfiɗa zana, an tula ƙasa a sama. Ranar Ista Fada ya zagaya yana yayyafa ruwa mai tsarki, muna waƙa, mata na guɗa. Na leƙa ciki na zaɓi inda zan zauna, kusa da taga.

Sai jiran takardar En'e. Muna jira, bango na tsagewa. Na gabas ya yi ciki kamar mai wata bakwai. Ƙadangaru suka samu gida a tsagar. Katikis ya ce ba komai, mu shafe da laka, muka shafe da hannunmu. Musulmi suka yi Sallarsu. Zafi ya kai inda ko tsuntsu ba ya tashi. Rannan aka aiko cewa Litinin Fada zai zo da malami, a rubuta sunaye.

Ranar Asabar bayan azahar iska ta tsaya cik. Gumi na bin mutum ko yana zaune. Sai gabas ta yi baƙi ƙirin, sai sanyi ya bugo, da ƙamshin ƙasar nan da ke sa yawu ya tsinke. Duk unguwa murna. Baba ya jawo sungumi yana duba ƙotarsa, Inna na kwance ƙullin iri. Ni kuwa sai na tuna bangon da na shafe da hannuna. Na fita da gudu Inna na kira na.

Ina isa rumfar coci ruwan ya sauko, irin mai zuwa a karkace, yana dukan bangon gabas kai tsaye. Na tsaya ina kallo. Ku kuna tsammanin gini in zai faɗi ƙara yake yi. Wannan bai yi ba. Lakar da muka shafa ta fara zubowa, tsagar ta buɗe, sai bangon ya durƙusa a hankali kamar raƙumi, rufin ya biyo shi. Jan ruwa ya taho ya bi ta kan ƙafafuna ya gangara gulbi. Ruwan da na kwashe kwana arba'in ina hawowa da shi, ga shi yana komawa inda na ɗebo shi, har da ƙasar.

Da aka ɗauke, abin da ya rage tsaye shi ne iya ƙugu. Daidai inda Baba Mati ya tsaya. Ko gezau.

Litinin Fada ya zo da malamin a bayan babur, da allo ɗaure a gefe. Suka tsaya suka duba. Ko sauke allon ba a yi ba. Aka kai malamin wani gari. Ba ɗaki, ba makaranta, haka En'e ta ce. Kuma ba mai gini da damina. Kowa ya nufi gona: shuka, noman farko, maimai, ga yunwar marka, tafasa da rama muke dafawa har sabon gero ya nuna.

Abu ɗaya zan yaba ma Katikis. Da aka gama girbi, da ƙafarsa ya je ƙofar Baba Mati ya cire hula. Tsohon ya dawo. Bai yi gori ba, cewa kawai ya yi, "A koma kududdufi." Wannan karon ba mai azumi, ba mu ba su. A gabanmu zai sha furarsa ya ƙoshi, ya hau, ya yi layi uku, da hantsi ya sauko. Ba wanda ya sha gabansa. Na sake ɗaukar tulu, rani na biyu.

Amma jiki ba ya jiran magini. Tun cikin daminar nan ƙirjina ya fara ciwo. Na san ko mene ne. Na saci tsohon ɗankwalin Inna ina ɗaurewa tamau har numfashi na yi mani wuya. Na koyi tafiya a duƙe. Na roƙi Allah, na ce ba hanawa na ce ka yi ba, jinkirtawa kawai, wata uku. Inna ta gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Ranar rubuta suna aka jera mu a gaban sabon ɗakin. Fada na zaune da teburi, Katikis na tsaye. Ƙananan, sai a ce yaro ya ɗora hannu ta bisa kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. Wanda ya kamo ya isa, a rubuta. Ni na fi kowa tsawo a layin, ina ta lanƙwasa gwiwa. Da aka zo kaina, tun kafin a ce, na ɗora hannu na kama kunnena.

Na ce, "Ga shi, ya kai."

Katikis bai dubi fuskata ba. Ya ce, "Lami, ya kai har ya wuce."

"Katikis, rani biyu na yi ina ɗibar ruwa."

"Na sani."

"Kai ka ce duk gidan da ya ba da hannu."

"Na ce. Ki kawo ƙanwarki."

"Tana goye!"

Fada ya yi wata magana da Turanci, a hankali. Katikis ya ce, "Fada ya ce ki yi haƙuri, kujerun kaɗan ne." Hannuna na nan a kunne, na manta ban sauke ba, sai da yaran baya suka fara dariya.

A hanyar gida na ci karo da Baba Mati. Ya dube ni ya gane. Ya ce, "Bara ya kamata a rubuta ki, 'yar Nomau."

Na ce, "Baba Mati, don me ba ka faɗa masu ba?"

"Na faɗa."

"Ba ka faɗa yadda za su ji ba."

Ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya gyara hularsa ya wuce.

Ƙanwata ta shiga ajin nan da lokacinta ya yi, har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Ni na yi aure, na haifi takwas, na yi sana'ata a bakin shingen nan, duk takardar da ta zo sai dai in dangwala yatsa in roƙi wani ya gaya mani me na yarda da shi. Sai da na haura sittin, da zumuntar mata suka buɗe ajin yaƙi da jahilci, sannan na zauna a ɗakin. Wannan dai na Baba Mati, don bai faɗi ba sai da aka rushe shi da gangan aka sa na bulo. Bisa bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa, malamar sa'ar jikata. Na ce a ba ni kusa da taga. Wata ta ce ita ta riga ni. Na ce ke, tashi, na riga ki da shekara hamsin.

Don haka, 'yan kwamiti, ku gyara. Ku rubuta sau biyu aka gina. Ku rubuta sunan Mati magini, ko da ba namu ba ne. Ku rubuta cewa mata suka hawo da ruwan daga gulbi, da yunwa, kuma gaggawar mako biyu ta cinye ma wata yarinya karatunta. In ba zai yi daɗi ranar biki ba, ku karanta shi washegari.

Shekaranjiya, kafin in fara wannan rubutu, na sake buɗe shafi na uku. Cikin rani guda, da taimakon masu bi. Ban san lokacin da dariya ta kubce mani ba, ni kaɗai a tsakar gida, har da hawaye. Sisiliya ta leƙo daga ɗaki ta duba hagu ta duba dama.

Ta ce, "Kaka, ke da wa?"

Na ce, "Ni da takarda. Miƙo mani biro."